Baitin da Yaya Ya Sauya

Yayana mai yankan makulli ne. Shekara talatin da huɗu yana zaune a wani ɗan shago a ƙarƙashin matattakalar bene, shagon da in ya miƙa hannuwansa zai taɓa bangon dama da na hagu lokaci guda. Injin yanka a gabansa, allon makullan da ba a yanka ba a bayansa, garin tagulla a gashin hannunsa har ranar hutu. Ni ƙanwarsa ce, tela, shagona shi ne ƙofa ta uku daga nasa. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Tunda nake ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. In ka kawo makulli a yanka maka wani, sai ya tambaye ka na ƙofar wa ne, ya sake tambayarka ta wata hanya ya ji ko amsar za ta zo ɗaya. In ka gaishe shi da fara'a mai yawa, kana juya baya zai ce mini, "Wannan da abin da yake nema." In ya tashi daga aiki sai ya ja kwaɗon shagon sau uku, ya tafi har bakin titi, ya dawo ya sake ja. Tun ina tsaki har na gaji na bari.

Kuma wannan mutumin, mai fuska kamar an aiko masa da sammaci, shi ne yake rubuta waƙa. Wallahi waƙa mai kyau, irin wadda za ka ji ka ajiye abin da ke hannunka. A bayan kwalin makullai yake fara ta da guntun fensir, in ta zauna masa a ka sai ya yayyaga kwalin ƙanana-ƙanana ya zuba a shara.

Yagawar nan tana da dalili. Yana saurayi ya taɓa ba wani abokinsa, malamin makaranta, wata waƙa ya duba masa. Bayan wata biyu sai ga abokin a kan dandamali ranar raba kyaututtuka yana rera ta, ana tafi, ana cewa malam ya iya. Da Yaya ya tare shi, sai mutumin ya yi murmushi ya ce, "Ina shaidarka?" Daga ranar Yaya ya ƙirƙiro abin da yake kira alama. Duk wanda zai karanta wa waƙa, sai ya sauya masa baiti guda, sauyin da babu wanda ya samu irinsa. Sannan ya rubuta a wani ɗan littafi: wane, rana kaza, baiti na kaza, na sa kaza. In waƙar ta ɓulla a wani wuri, alamar za ta nuna bakin da ta fito. Ta gaskiyar kuwa tana cikin kansa, bai taɓa ba kowa ba.

Na taɓa leƙa littafin ya fita alwala. Sai ga ni a shafi na huɗu. Ni, da muka fito ciki ɗaya! Da ya dawo na ce, "Yaya, ni ma ɓarauniya ce?" Ko a jikinsa. Ya ce, "Ke ba ɓarauniya ba ce, amma bakinki ba shi da marfi." Na yi kwana biyu ban kai masa abinci ba.

Matarsa, Anti, ita kaɗai take iya masa. In ya fara lissafa mata waɗanda bai yarda da su ba, sai ta ce, "To mai gida, sai ka ƙara da ni, jerin ya cika." 'Yarsu ɗaya, sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka Ummi muke ce mata. Malamar lissafi ce yanzu, da aurenta da 'ya'ya biyu.

Shekara shida ke nan Anti ta rasu, a asibiti, bayan la'asar. Mu uku muna wurin, ni da Yaya da Ummi. Likita ya riga ya ce mana kada kowa ya yi nisa. Sai na ga Yaya yana taɓa aljihu, yana kallon ƙofa. Ya sunkuyo ya ce mini bai tabbata ya ja kwaɗon shago ba da safe, kuma makullan mutane suna ciki. Na ce, "Haba Yaya, zauna." Ummi ta ɗago ta ce, "Baba, don Allah." Ya ce yanzu-yanzu zai dawo. Minti arba'in ya yi. Da ya shigo an riga an ja mata mayafi, hannunta yana cikin na Ummi. Kwaɗon kuwa a rufe ya same shi.

Daga ranar Ummi ba ta yi masa rashin kunya ba, ko sau ɗaya. Tana zuwa gaisuwa, tana aiko da yara, tana saya masa maganin hawan jini. Amma gaisuwa ce irin ta maƙwabta, ba ta zama, ba ta dariya a gabansa. Shi kuma bai taɓa buɗe baki ya ce mata ya yi kuskure ba, harshensa bai iya wannan ba. Abin da ya iya shi ya yi: ya yi wa Anti waƙa mai baiti arba'in. Bai karanta wa kowa ba, amma in ya kunna injin yakan rera ta a ƙasa-ƙasa, yana zaton ƙarar ta rufe. Ni kuwa kunnena ya saba da ƙarar inji. Wata rana na tsaya a bayansa da kwanon abinci har na ji baiti na sha bakwai:

Na bar ki na je in taɓa kwaɗo,
Na same shi daram yadda na bar shi,
Na dawo na tarar an ja mayafi,
Hannunki a hannun da ya fi nawa.

A tsaye na yi kuka, abincin yana hucewa. Na ce a raina, da Ummi za ta ji wannan daga bakinsa, da an gama. Ban haƙurin da take jira ga shi nan a shirye, saura a kai mata. Na roƙe shi ya fi sau goma, sai ya sha toka ya ce waƙar ba ta nuna ba tukuna.

'Yan watannin baya ne wata mata ta zo yanka makullin ofishinsu. Ba za ta wuce talatin ba, ga gilashi, ga surutu. Ta hango kwali da rubutu a gefen injin, ta karanta kafin ya fizge. Ashe tana da wani shiri da suke kira fodkas, hira ce ake ɗauka a sa a intanet, mutane su saurara a waya. Marubuta waƙa na wannan zamani take gayyata, su faɗi yadda suka fara da yadda suke aiki, su karanta wani abu nasu. Ta ce ta gaji da masu littafi biyar da lambar yabo, tana son wanda yake rubutu tsakanin kwastoma da kwastoma.

Tana fita Yaya ya ce, "Kin ji ko? A da mutum ɗaya ke sata, yanzu inji suka kawo."

Sau huɗu matar nan ta dawo. Ya tambaye ta wa ke biyan kuɗin hayar ofishin, wa ke riƙe muryar bayan an ɗauka, kwafi nawa ake yi, in ta mutu wa zai gāji na'urar. Ta amsa duka tana dariya, dariyar kuma ta ƙara masa zargi. Ni ce na tsaya masa a wuya. Na ce, "Yaya, ka tsufa, hawan jini gare ka. In ka faɗi gobe, waƙoƙin nan duk da kai za a binne. Ka je ka karanta ta Anti." Har na cire rai, sai ya ce zai je in zan raka shi. Ina komawa shagona na kira Ummi na ce mata akwai shirin da babanta zai fito, in ya fito ta saurara har ƙarshe, akwai saƙonta a ciki. Wannan kiran nawa ne, ba wanda ya sa ni, kuma har yau yana ci mini rai.

Ranar Talata da hantsi muka je. Ɗaki ne ƙarami a hawa na biyu, an manne bangonsa da soso mai ƙulu-ƙulu, teburi ɗaya, makirfo biyu, da wani mutum mai haɗa sauti a bayan gilashi. Kafin Yaya ya zauna sai da ya duba makullin ƙofar ya ce musu na banza ne, da cokali ma za a buɗe. Aka ba shi ruwa ya ce ya sha a gida. Aka ce ya sa abin ji a kunne, ya ce shi ba ya son abin da zai hana shi jin motsin bayansa. Ni aka ba ni kujera a kusurwa, aka roƙe ni kada in yi tari.

Amma da aka fara, tabɗijam! Ban san Yaya yana da baki haka ba. Mai shirin ta tambaye shi yaushe ya zama marubuci, ya ce shi bai zama ba, makulli yake yanka, waƙa ce take zuwa ta tsaya masa a ka kamar kwastoman da ya ƙi tafiya. Ta ce littafi nawa ya buga, ya ce ko ɗaya, mai buga littafi ai sai ya karanta kafin ya buga. Ta ce ina yake samun karin waƙa, ya ce daga injin, kowane makulli da yawan haƙoransa, yana bi yana ƙirgawa. Har mai haɗa sauti na gani yana dariya a bayan gilashi. Zancen alama kuwa bai ko kusance shi ba.

Sai ta ce ya karanta musu wani abu. Ya gyara zama, ya rufe ido, ya fara ta Anti. Yadda take ninke tabarma, yadda take kiransa daga tsakar gida, yadda take ɓoye masa fensir in ya ƙi cin abinci. Ina bi ina ƙirgawa da yatsu a cikin mayafi. Sha biyar. Sha shida. Sai na ji ya ce:

Ina gefenki ban ɗaga ba,
Ina ƙirga numfashi har na ƙarshe,
Da aka zo za a ja mayafi,
Hannunki a nawa, bai yi sanyi ba.

Innalillahi. Mai shirin ta cire gilashi tana share hawaye. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi a baya. Ya ci gaba abinsa har baiti na arba'in, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

A kan matattakala na tare shi. Na ce, "Yaya, me ka yi?"

Ya ce, "Alama ce. Kin zaci zan ba su ta gaskiya? Mutanen da ban san iyayensu ba?"

Na ce, "Baiti arba'in gare ka! Ka sauya tabarmar mana, ka sauya fensirin. Me ya kai ka na sha bakwai?"

Ya ce ɓarawo baitin da ya fi daɗi yake ɗauka, don haka a nan ake sa alama. Ya faɗa yana kallon bango. To ni dai a nan nawa zargin ya tashi, kuma har yanzu bai kwanta ba. Baitin nan bai yi kama da abin da aka ƙaga a kan kujera ba, ya zauna daram, kari da komai. Yaushe ya yi shi? Tun yaushe yake ɗauke da shi? Don ɓarayi ya yi shi, ko don ya ji yadda abin zai kasance a bakinsa da ya zauna ranar? Na tambaye shi, ya ce in bar shi, jiri yake ji.

Na ce masa, "Na gaya wa Ummi ta saurara."

Ya tsaya cak, hannunsa a kan ƙarfen matattakala. Ya ce, "Wa ya aike ki?"

Washegari na koma wurin mai shirin ni kaɗai, na roƙe ta ta yanke baitin. Ta zuba mini ido ta saman gilashi. Ta ce ta saba ganin haka, dangi su zo daga baya suna so a rage wa mawaƙi murya, wani don kunya, wani don hassada. Ni ce mai hassada! Na haɗiye, na ce baitin ba gaskiya ba ne. Ta ce waƙa ai ba shaidar kotu ba ce, kuma in mai waƙar yana so a cire, ya kira ta da bakinsa. Na koma na gaya wa Yaya. Ya ce in ya kira yanzu za su gane akwai wata a ɓoye, su bi shi da naci har su raba shi da ita. Na ce to ya kira Ummi ya yi mata bayani kafin abin ya fito. Ya ce zai kira. Kullum zai kira. Ni ma na ɗauki waya ya fi sau biyar ina ajiyewa, don ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Juma'a shirin ya fito. Kafin sati ya zagayo an yanko baitin nan shi kaɗai ana ta turawa. Wanda matarsa ta rasu ya tura, wadda mijinta ya rasu ta tura, har a kan hoton mamaci na ga an rubuta shi. Mutane suka fara zuwa shagon ba don makulli ba, sai don su ga mijin da bai ɗaga ba. Wata dattijuwa ta riƙe hannunsa ta ce Allah ya ba 'ya'yanta maza irinsa. Ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai sa ido. Kuma abin haushi, babu wanda ya sata. Duk inda baitin ya je da sunansa yake zuwa.

Ummi ta zo ranar Litinin da azahar, daga makaranta, da alli a hannun rigarta. Na hango ta ta wuce ƙofata ba ta leƙo ba, na ajiye almakashi na bi ta. Ta gaishe shi kamar kullum. Sannan ta ce, "Baba, na ji shirin. Ɗalibaina ma sun ji. Suna ta yi mini barka da uba."

Ya kashe injin. Ya ce, "Ummi, ba haka waƙar take ba. Alama ce na sa musu."

"Na san alama," in ji ta. "A gidan na girma. Hannuna ne ka cire ka sa naka, shi ne alamar?"

Ban taɓa ganin Yaya ya ƙanƙance haka ba. Ya ce ta zauna, ta ce tana sauri. Sai ya miƙe tsaye a cikin ɗan shagon nan, kansa yana kusan taɓa ƙasan matattakala, ya karanta mata baiti na sha bakwai na gaskiya. Ya kai kan "hannun da ya fi nawa" muryarsa ta karye, ya sake ɗauka ya ƙarasa. Mai gyaran waya na kusa da mu har ya rage rediyonsa.

Na ga idon Ummi ya kawo ruwa, na ce alhamdulillahi, an zo wurin. Sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Wannan kuma tawa ce, ko?"

Ya ce, "Wace taki?"

"Alamata. Kowa da tasa kake ba shi. Su ka ba su wadda za ta sa su kuka, ni ka ba ni wadda za ta sa in huce. Ta yaya zan san ba jiya ka yi ta ba, da ka ji zan zo?"

Ya rantse da Allah. Yaya da ba ya rantsuwa ko a kan kuɗi. Na shiga na ce, "Ummi, ni shaida ce, shekara biyar ke nan da na ji wannan baitin a bakinsa, yana yanka makulli."

Ta juyo ta ce, "Gwaggo, ke ce fa kika ce in saurara har ƙarshe, akwai saƙona a ciki. Na saurara." Ta ce, "Ina so in yarda, wallahi ina so. Amma shi ya koya mini a tambaya sau biyu." Ta ajiye masa maganinsa a kan teburin injin, ta ce a sha bayan an ci abinci, ta tafi.

Kwana uku bai kunna injin ba. A na huɗu ya ce in ba shi lambar mai shirin. Da bakinsa ya kira ta, ina tsaye, ya ce yana so ya dawo, akwai gyara. Muka koma ɗakin soson nan. Wannan karon ya sha ruwansu, ya sa abin ji a kunne. Ya faɗi komai: malamin da ya sace masa waƙa, ɗan littafin, kwaɗon, minti arba'in ɗin. Ya karanta waƙar daga farko har ƙarshe yadda take, karo na farko tun yana saurayi da ya ba wani waƙa babu alama, kuma duniya ya ba. Mai shirin ba ta yi kuka ba wannan karon, kallonsa kawai take yi, ina jin tana lissafin wanne ne na gaskiya a cikin biyun.

Shirin na biyu bai yi nisa ba. Waɗanda suka saurara kaɗan ne, a cikinsu ma wasu suka rubuta cewa na farkon ya fi daɗi, wani ya ce dabara ce ta neman suna. Baitin ƙaryar kuwa yana nan yana yawo a kan hotunan mamata, ba mai iya kamo shi.

Ni na tura wa Ummi sabon shirin a waya, ban rubuta komai a ƙasa ba, tsoma bakina na farko ya ishe ni. Sati uku ke nan. Yaya bai iya duba ko an buɗe saƙo a waya ba, don haka kullum da safe, kafin ya buɗe shagonsa, sai ya tsaya a ƙofar nawa, ya gaishe ni, ya yi ɗan jim kamar mai neman wani abu a aljihu.

Yau ma ya tsaya. Ya ce, "Ta buɗe?"

Na duba wayar. Na so in ce masa ta buɗe, ko don ya ci abincin rana, har maganar ta zo mini baki. Na dube shi, ya tsufa a wata guda fiye da yadda ya tsufa a shekara shida.

Na ce, "Ba ta buɗe ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Gobe ki sake dubawa."